Gareji Na Tashi, Guba Ba Ta Tashi

Rahoto na musamman kan baƙin mai, tsohon batir da ƙasar unguwannin Birnin Kebbi da Argungu

Duk wanda ya taɓa kai mota juye a Badariya ya san yadda aikin ke tafiya. Yaron gareji zai shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin mota da sifana, ya kwance noti, baƙin mai ya tsiyayo cikin yankakkiyar jarka. In jarkar ta cika, ko ƙafa ta ture ta, sauran ya bi ƙasa. Tsohuwar filta a wurgar da ita gefe tana ɗiga. Sai yaron ya turo yashi da ƙafa ya rufe wurin. In mai mota ya yi magana, amsar guda ce: "Alhaji, kada ka damu, ai ƙasa na shanyewa."

Ƙasar kuwa tana shanyewa. Shi ya sa ko bakanike ya shekara da barin wuri, ba sai an gaya maka nan gareji ne ba. Ƙasar ta yi baƙi ƙirin, ta daskare kamar kwalta, ko ciyawa ba ta yarda ta tsiro. Ruwan sama in ya sauka ba ya nutsewa, sai ya kwanta yana ƙyalli kala-kala kafin ya sami hanyar kwata. Wannan shi ne rabon ido. Abin da ya fi shi haɗari ba a ganinsa: ƙurar ƙarafa masu guba da ta cakuɗe da ƙasar, wato dalma, kadmiyam, kuromiyam, nikel, jan ƙarfe da zink. Mai yakan lalace a hankali, rana da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa su karya ƙarfinsa cikin shekaru. Ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa. Dalmar da ta zuba bana, in ba kwashe ta aka yi ba, jikan mai garejin zai tarar da ita.

Tun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Birnin Kebbi babban birninta, garin bai daina buɗewa ba. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar tana da mutum sama da 268,000, yau kuwa an wuce nan nesa. Unguwanni irin su Badariya, Gesse, Bayan Kara da Rafin Atiku sun cika sun tumbatsa. Da mutane suka yawaita, injuna ma suka yawaita: motoci 'yan Kwatano da suka gama tsufa a Turai kafin su iso mu, baburan kabu-kabu, Keke Napep, tifofin yashi, janareto, ga dubban injinan ban-ruwa da noman rani ya dogara a kansu. Kowanne yana neman bakanike, shi kuma bakanike yana bin ciniki har ƙofar gida. Haka gareji ya wayi gari yana haɗa katanga da gidan aure, da Islamiyya, da teburin mai shayi.

Kowace sana'a da irin gubarta

Gareji taron sana'o'i ne, kuma kowane mai sana'a da abin da yake bari a ƙasa.

Mai gyaran inji shi ke zubar da baƙin mai. Man da ya yi dubban kilomitoci yana zagaye cikin inji yakan kwaso duk abin da ƙarfe ya goge daga jikin ƙarfe: baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, kuromiyam da dalma. Tun daga kamfani ma akwai sinadarin zink a cikinsa don rage cin ƙarfe. Zafin inji kuma yana haifar da wasu sinadarai a cikinsa da aka tabbatar suna jawo sankarar fata ga dabbobin gwaji. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye guda ɗaya na iya ɓata ruwan sha galan miliyan ɗaya, wato kusan lita miliyan 3.8.

A yi lissafi mai sauƙi. Ƙaramar mota tana shan wajen lita 4. A ƙaddara gareji yana juye biyar a rana, lita 20 ke nan, jarka guda. Kwana shida a mako, a shekara ya haura lita 6,000, sama da duro 30. Ko kashi ɗaya cikin goma ne kawai ya zuba, duro uku ke nan cikin fili guda a shekara guda. Sai a ninka da yawan garejin gari, a sake ninkawa da shekarun da suka yi suna aiki.

Mai batir da rewaya su ne ke riƙe da babbar gubar. Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin batirin mota dalma ce, kuma wajen kashi 85 na duk dalmar da duniya ke amfani da ita a batir take ƙarewa. In batir ya mutu, a buɗe shi, a kifar da ruwansa a ƙasa, a zaro farantan ciki don gyara wani ko don sayarwa. Wannan ruwan batir yana ɗauke da dalma, kuma kaifinsa yana narkar da sauran ƙarafan da suka daɗe kwance a ƙasa, ya sa su motsa.

Mai gyaran lagireto yana liƙe huji da narkakkiyar dalma. Mai walda yana shaƙar hayaƙi mai manganis da kuromiyam da nikel, hayaƙin da cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a 2017 cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Mai gyaran jiki yana kankare tsohon fenti a fili, iska ta kwashi garin, alhali fentin tsofaffin motoci, musamman ruwan ɗorawa da ja, sau da yawa da dalma da kuromiyam aka haɗa shi. Birki yana barin ƙurar jan ƙarfe. Taya in an ƙona ta don cire waya, tokarta cike take da zink.

Akwai kuma tsohon bashi. Shekaru da dama fetur ɗin da muka sha a ƙasar nan da dalma aka haɗa shi. Sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka kammala daina shi, Aljeriya kuma, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, ta daina a 2021. An rufe famfon, amma abin da salansa ta riga ta fesa da wanda aka wanke kafireto da shi yana nan a ƙasar tsofaffin gareji da tasha.

Masana a jami'o'in Najeriya sun sha ɗibar ƙasar gareji suna aunawa. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan matattarar kanikawa ta Nekede da Orji da Okigwe a jihar Imo ya nuna dalma da sauran ƙarafa sun zarce na ƙasar da ke nesa da gareji ƙwarai. Ma'aunin da masu irin wannan bincike suka fi kafa hujja da shi a Najeriya ya ɗauki miligiram 85 na dalma a kilo ɗaya na ƙasa a matsayin lafiyayyen mataki, 530 kuma a matsayin inda dole a ɗauki mataki. Amurka ta daɗe tana amfani da 400 ga filin da yara ke wasa, a Janairun 2024 ta sauko da shi zuwa 200. Aikin da ake yi a Nekede shi ake yi a Badariya: mai iri ɗaya, batir iri ɗaya, ƙasa tsirara.

Ba a gareji take tsayawa ba

A ƙasar Hausa ba a zubar da abin da zai yi kuɗi, baƙin mai ma yana da masu saye. Kafinta yana shafa wa katakon rufi don gara. Mai bulo yana shafa wa injinsa. Ana tsiyaya shi cikin masai don kashe wari da sauro, ana yayyafa shi a ƙofar shago don kwantar da ƙura, wasu ma su shafa wa dabba mai ƙazwa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan hanya ce da guba ke baro gareji ta shigo gida. Wanda aka zuba a masai kuwa, an aika shi kai tsaye zuwa zurfin da rijiyar maƙwabci ke ɗibar ruwa.

Tsohon batir hanyarsa ta fi tsawo. 'Yan gwangwan ne ke saye, kuma da yake a kan sikeli ake ciniki, kuma mai ɗaukar kaya ba ya son ruwan batir ya cinye masa mota, sai a huda a tsiyaye kafin a loda. Wani a fasa shi da gatari a tsakar yadi, yara 'yan jari-bola suna tsince farantai da hannu. Mafi yawa ana tura su manyan kasuwannin ƙarfe da masana'antun narkarwa a wasu jihohi, amma wani abu yakan rage a gida. Dalma tana narkewa a zafin da garwashi ke iya bayarwa, digiri 327, don haka da tsohon gwangwani da murhu mutum zai narka ta. Daga nan ake zuba nauyin da masunta ke ɗaura wa bakin birgi don ya nutse. Mai narkarwar yana shaƙa, matarsa tana share tokar, yaransa suna wasa a wurin.

Hatta tukunyar girki ba ta tsira ba. Masu zubin tukwane suna narka tsofaffin sassan inji da lagireto, kuma wani bincike da aka yi a Kamaru aka wallafa a 2014 ya gano irin waɗannan tukwane suna sakin dalma cikin abin da aka dafa. Yanzu kuma ga sola ta shigo kusan kowane layi, batiranta da dama na dalma ne, sun fi na mota girma, kuma in an yi shekara biyu ko uku sai a nemi sabo. Tulin da ke tafe ya fi wanda ya wuce.

Wa ke fara kwasa?

Da azahar mai abinci takan iso gareji da kulolinta. Yaran da suka wuni cikin inji su tsiyayi ɗan fetur a tafin hannu, su murza, su goge da tsumman da ya fi hannun datti, su zauna a inuwar wata matacciyar mota su sa hannu a shinkafa da wake. Iska na kaɗawa, mai fenti yana kankara a gefe. 'Yar talla mai goyon ƙanenta ta sauke shi ƙasa tana ba da canji, shi kuma ya damƙi ƙasa ya kai baki. Da yamma kowa ya koma gida da kayan aikinsa a jiki, uwa ko mata ta wanke su a bahon da ake wanke kayan jariri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Ƙaramin yaro jikinsa yana zuƙe ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke zuƙa daga dalmar da ya haɗiya, kuma in yana fama da yunwa ko ƙarancin sinadarin ƙarfe da na ƙashi a abincinsa, zuƙar ta fi haka. Jiki yana ɗaukar dalma a matsayin sinadarin gina ƙashi, ya adana ta a ƙashi da haƙori shekaru aru-aru. In yarinya ta girma ta ɗauki ciki, ajiyar ta dawo jini ta isa ga ɗan tayi.

Mugun halin wannan guba shi ne ba ta da wata alama tata ta kanta. Yaro ya riƙa ciwon ciki, bayan gida ya yi tauri, jini ya yi ƙasa, ya ƙi cin abinci, a ce shawara ce ko tsutsar ciki. Ya kasa riƙe karatu, a ce daƙiƙi ne, a ƙara masa bulala. In ta yi yawa ta kai ga jijjiga da suma, a ce zazzaɓi ya hau kai, ko a ce iska. Ƙwaƙwalwar da ta taɓu kuwa ba ta komawa daidai. Ga babba, dalma tana kawo hawan jini, ciwon ƙoda, raunin jijiyoyi da matsalar haihuwa. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda ya zauna shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita.

Rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta yaro ɗaya cikin uku a duniya, har kimanin miliyan 800, yana da dalma a jini a matakin da ya kamata a ɗauki mataki, kuma ya ambaci fasa batir barkatai cikin manyan dalilai. Wani nazarin masana Bankin Duniya na 2023 ya danganta mutuwar manya miliyan 5.5 a 2019 ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini da gubar dalma.

A gareji akwai maganin da aka yarda da shi: in an gama fenti ko walda, oga ya ce, "Yaro, je ka sayo madara ka sha, ta wanke maka ƙirji." Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da dalma daga jini, ba ta kuma wanke huhu. Abin da ke karewa shi ne kada gubar ta shiga tun farko.

Gani ga wane

Mutanen Kebbi ba sa buƙatar a kai su nesa don ganin aikin dalma. A Maris ɗin 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar sanƙarau a jihar Zamfara suka tarar da ƙauyukan da yara ke mutuwa da jijjiga, maganin zazzaɓi kuma ba ya yi musu komai. Kafin nan mazauna sun lura agwagi sun ƙare, ba wanda ya kawo komai a ransa. Ashe dutsen zinare mai cike da dalma ake daka a tsakar gida. A ƙauyuka biyu da aka fara bincika, kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka gwada suna da dalma a matakin da sai an ba su maganin fitar da ita. Sama da yara 400 aka rasa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. Maganin asibiti bai wadatar ba sai da aka kankare saman ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya, aka binne ta, aka zubo sabuwa. Bagega sai a 2013 aka yi mata aikin, bayan dogon jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Mai karatu zai ce ai waɗannan ma'adinai ne, ina ruwan gareji? Gaskiya ne, dalmar da aka samu a wasu wurare a Zamfara ta haura miligiram 100,000 a kilo, abin da ba a sa ran gani a garejin juye. Amma batir ma ya yi kisa. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 sun rasu tsakanin Nuwamban 2007 da Maris ɗin 2008, saboda an daɗe ana fasa batir a unguwar, daga baya mata suka shiga tankaɗe ƙasar wurin a cikin gidajensu don tace dalma su sayar. A Owino Uhuru da ke Mombasa a Kenya, masana'antar narka batir ta gurɓata unguwa guda, har wata ma'aikaciyarta, Phyllis Omido, ta jagoranci mazauna zuwa kotu, a 2020 aka yanke a biya su diyyar shilin biliyan 1.3. Bambancin gareji da waɗannan wurare shi ne nasa a hankali yake ci, ba ya tara gawarwaki a mako guda balle jarida ta zo.

Daga tudu zuwa fadama

Birnin Kebbi a kan tudu yake, fadamar Rima tana shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Argungu, mai tazarar kilomita hamsin da 'yan kai, ita ma a bakin wannan gulbi take zaune. Ruwan da ya wanke titi da gareji daga Yuni zuwa Satumba ba shi da inda zai nufa sai gangare. Dalma takan maƙale a saman ƙasa, ba ta cika nutsewa da kanta ba, amma tana tafiya cikin laka in ruwa ya kwasa, da cikin ƙura in hunturu ya busa. Kadmiyam da zink sun fi ta saurin bin ruwa. Ƙasar tudun yankin kuma jigawa ce mai yashi, ba ta da yumɓu da taki mai yawa da za su riƙe ƙarfe, ga ruwan fadama a kusa, taku kaɗan a haƙa a same shi. A shekarar babbar ambaliya irin ta 2020, iyakar da ke tsakanin kwata da gona takan ɓace gaba ɗaya.

Wannan fadama ita ce rumbun jihar. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Banki a Nuwamban 2015. Daga nan aka sami shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi a 2016, aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da 1934, UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Shinkafa da kifi su ne sunan Kebbi a idon duniya, kuma dukkansu ruwa guda suke sha.

Shinkafa tana cikin amfanin gonar da suka fi zuƙar kadmiyam, haka ma ganyayen lambu irin su alayyafo da latas. A lardin Toyama na Japan, ruwan kogin Jinzu da ma'adinai suka gurɓata ya shayar da gonakin shinkafa shekaru da yawa, mata suka riƙa fama da ciwon ƙoda da karyewar ƙashi, sai a 1968 gwamnati ta amince kadmiyam ne sanadi. Gyaran gonakin ya ci shekaru sama da talatin. Ƙa'idar abinci ta duniya ba ta yarda kadmiyam ya wuce miligiram 0.4 a kilon shinkafa ba, kuma duk mai son sayar da shinkafarsa a manyan kasuwanni da wannan ma'auni za a gwada shi. Garejin gari ba za su gurɓata dukan kwarin Rima ba, ruwan yana da yawa. Inda ya kamata a sa ido shi ne bakin magudanu: lambun da ke shan ruwan kwata, gonar da lambatun gari ke ƙarewa cikinta, kududdufin da yara ke wanka dabbobi ke sha. Su ma injinan ban-ruwa a bakin gona ake yi musu juye, man kuma a kan kunya yake zuba.

In fili ya zama gida

Yawancin kanikawa ba su mallaki inda suke aiki ba. Fili ne na wani da bai tashi gini ba, ya ba da aro ko haya. Ranar da kuɗi suka samu ko filin ya yi tsada, sai a ba oga wa'adi ya kwashe matattun motocinsa ya nemi wani kangon. A kawo bulo, a tona harsashi, baƙar ƙasar da aka tono a mai da ita ciko. Bayan shekara guda ga amarya ta tare, ga rijiya a tsakar gida, ga zogale da rama a bayan ɗaki, ga kaji suna tono, ga yaro yana rarrafe. Mai gidan ya duba takardar fili, ya duba iyaka, ya tambayi maƙwabta, amma bai tambayi abin da aka yi shekara ashirin ana zubawa a ƙasar ba.

Wannan ne ya sa korar kanikawa daga unguwa ba ta magance komai ita kaɗai. In an tashe su daga Badariya aka kai su bayan gari ba tare da daɓe da magudana da wurin tara mai ba, an bar tsohon wuri da guba, an kuma buɗe sabon wurin gurɓatawa, wanda shi ma nan da shekara goma gari zai cim masa. Haka ta faru da manyan matattaran ƙarfe irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, waɗanda yau gidaje suka kewaye su.

Doka tana nan

Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. Tun bayan da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988 ƙasar nan ta yi dokar hana zubar da shara mai cutarwa. A 2007 aka kafa hukumar NESREA don tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, a 2024 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan batir, daga shigo da shi har tattara shi bayan ya mutu. A takarda ba a bar komai ba. Sai dai an rubuta dokokin ne da kamfani mai ofis da lasisi a zuciya, alhali mai riƙe da batirin mutum ne da ke aiki ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, wanda ya fi ganin mai karɓar haraji a kan mai wayar da kai.

Bakanike ba abokin gaba ba ne a wannan magana. Shi ke raya motar da ƙasar da ta ƙera ta ta yafe, shi ke tayar da injin manomi a tsakiyar rani, shi ke karɓar yaran da makaranta ba ta riƙe ba ya koya musu abin dogaro da kai. Shi ne kuma na farko da gubar ke ci. Duk gyaran da ba a yi da shi ba, ba zai kwana ba.

Abin yi

Mafi arha a cikin matakan shi ne wanda ake ɗauka a daidai lokacin da aka kwance noti. Faffaɗan faranti a ƙarƙashin mota, mazurari, duro mai murfi, da ɗan daɓen siminti mai baki inda ake juye: kuɗinsu bai kai na gyaran inji guda ba. Filta a kife ta ta tsane cikin duro kafin a jefar. Batir a ajiye shi a tsaye, a inuwa, da ruwansa a ciki, a sayar da shi a haka. A ware wurin cin abinci, a ajiye sabulu da ruwa, a bar wanke hannu da fetur da zuƙo shi da baki. Kayan aiki su kwana a gareji. Yara ƙanana da masu ciki su nisanci inda ake buɗe batir ko kankare fenti.

Amma duro ba ya amfani in ya cika ba mai ɗauka. Baƙin mai dukiya ne: in aka sake tace lita 3.8 ana samun kusan lita 2.4 na sabon man inji. A Afirka ta Kudu kamfanonin mai da kansu suka kafa gidauniyar ROSE a 1994 don tattara tsohon mai daga gareji. Gwamnatin Kebbi tana iya zama da ƙungiyar kanikawa ta NATA, da dillalan mai da na batir, a kafa wuraren tarawa a Birnin Kebbi da Argungu, a sa ladan da zai sa dawo da tsohon batir da ruwansa ya fi huda shi riba.

Sai aune-aune. Akwai na'urar hannu da ke faɗin yawan dalmar ƙasa cikin minti ɗaya ko biyu, da wata da ke auna ta jini daga ɗigon yatsa, kuma da su aka yi aikin Zamfara. Jihar da ke da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru, ba ta rasa masu iya wannan aiki ba. A zana taswirar gareji na yanzu da na da, a auna ƙasarsu da rijiyoyin kewaye da bakin magudanu, a faɗa wa masu unguwa sakamakon da Hausa, kada ya tsaya a kundin digiri. Asibitin Sir Yahaya da sauran manyan asibitoci su samu kayan gwajin jini, a fara da yaran gareji da masu batir. Hukumar raya birane kuma kada ta sa hannu a kan ginin gida ko makaranta a tsohon gareji sai an auna, in ta kama a kankare saman ƙasar a binne inda ya dace, a zubo sabuwa.

Mai mota ma da nasa kason. Ranar da za ka kai juye, tambayi bakanikenka inda man zai tafi, ka zaɓi wanda ke da duro. Kada ka sayi baƙin mai don masai ko dabba. In za ka sayi fili ko ka kama haya, tambayi tsofaffin unguwa abin da ake yi a wurin a da. Masu unguwanni, limamai da shugabannin kanikawa na Badariya su fara wannan magana tun kafin damina mai zuwa ta sake wanke garejin gari zuwa fadama. A Zamfara sai da aka binne yara ɗaruruwa kafin a auna ƙasa. Kebbi tana da damar aunawa tun yara suna raye.